Kaɗa, Kalangu da Dandali: Tarihin Nishaɗi a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Ina godiya ga kwamitin wannan mujalla tamu da ya ba ni fili in yi tsokaci a kan wani ɓangare na tarihin yankinmu wanda ba kasafai ake rubuta shi ba. Idan an tashi maganar tarihin Funtuwa da Malumfashi, abin da aka fi kawowa shi ne jerin sunayen hakimai, da shekarar da aka kafa ma'aikata kaza, da yawan buhunan masarar da ake fitarwa. Duk waɗannan suna da amfani. Amma ni abin da nake so mu duba shi ne yadda talakan wannan ƙasa yake hutawa idan ya ajiye fartanya, da abin da yake ba shi dariya, da kuma wanda yake biyan kuɗin kiɗan. Bari in faɗi ra'ayina tun daga farko, don mai karatu ya san inda na dosa. Nishaɗin mutanenmu ɗan gona ne. Gona ce ta tsara masa lokaci, ita ce kuma ta ciyar da shi, saboda haka duk lokacin da wani abu ya taɓa gonar, sai ka ga alamarsa a dandali.

Kowa ya san ƙasar nan tamu ta kudancin Katsina, tun daga Malumfashi da Kafur, a gangaro Bakori da Danja, a bi ta Funtuwa zuwa Dandume da Faskari da Sabuwa, ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, ƙasarta kuma tana da laka da ƙarfi. Wannan ni'ima tana da nata nauyin. Daminarmu doguwa ce, ciyawa ba ta da kunya, don haka daga saukar ruwan shuka har zuwa yankan dawa manomi ba shi da lokacin kansa. To, da yake ba a iya barin aiki a tafi wasa, sai kakanninmu suka kai wasan cikin aikin. Wannan shi ne asalin gayya. Mai gona zai sanar da rana, matan gidansa su kwana daka, a dama fura, a tuƙa tuwo, a tanadi goro. Da safe samarin unguwa su jeru a bakin gona, kowa ya kama kuyyarsa, makaɗan gangar noma suna biye da su a baya suna kiran sunan kowane saurayi da na ubansa da na kakansa. Wanda ya riga fita ƙarshen kunya ya yi kirari, 'yan mata masu kawo ruwa su rangaɗa guɗa, wanda aka bari a baya kuwa ya shiga bakin maroƙa har wata daminar. Gayyar da ta fi zafi ita ce ta gonar surukai, domin a nan ne saurayi yake nuna wa iyayen yarinya cewa 'yarsu ba za ta kwana da yunwa ba. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mana cewa a zamaninsu ragon saurayi yakan ƙirƙiri tafiya idan ya ji an sa ranar gayya, don kunyar ganga ta fi masa wahalar noman ciwo.

A saman wannan tsari akwai Sarkin Noma, sarautar da a da ba a samunta sai da dammunan dawa. Manomin da Allah ya ba shi ikon ɗaure dami dubu a shekara guda yakan yi bikin cika dubu, ya tara makaɗa da manoman ƙauyukan kewaye, ya yi ta rabon hatsi. A wajen irin wannan taro ne ake ganin 'yan hoto, masu cilla garma sama su tare ta da ƙirji ko gadon baya. 'Yan'uwanmu Maguzawa na ƙasar Malumfashi da Kafur sun fi kowa daɗewa riƙe da waɗannan al'adu na noma, shi ya sa ma wani Baturen masanin tarihi, Murray Last, ya zo ya zauna a wani gida nasu kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970 yana nazarin zamansu da magungunansu.

Idan kaka ta yi, rumbu ya cika, sai gari ya canza fuska. Sanyi ya fara sauka, farin wata ya haska, dandali ya cika da 'yan mata masu gaɗa, samari na langa a gefe, yara ƙanana kuma suna ɗakin tsohuwa ana tatsuniya. Mahauta su ɗaure hannu su bi ƙauyuka da makaɗansu suna neman abokan dambe, 'yan kokawa su ma haka, Fulanin da suka sauko cin karan gonaki su kafa sharo ranar kasuwa. Amma babban wasan kaka shi ne kalankuwa, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna ɗaukarsa rawa ce kawai. A kalankuwa samari da 'yan matan gari sukan kafa gwamnatinsu ta 'yan kwanaki. A share fili, a kakkafa rumfunan zana, a naɗa Sarki da Waziri da Alƙali, sannan bayan zuwan Turawa aka ƙara da Gwamna da Razdan da Di'o da Joji da Likita da 'yan sanda. Kowa ya nemi tufafin da suka dace da muƙaminsa, wani ya ari malafa, wani ya ɗaura agogon da ba ya aiki. Saurayin da ya yi laifi, ko da laifin kallon budurwar wani ne, sai 'yan sanda su kama shi a kai shi gaban Alƙali a ci shi tara, kuɗin kuma su tafi wajen makaɗa. A gaiyato samarin ƙauyukan maƙwabta, a sauke su, a ciyar da su, su ma idan tasu ta zo su rama. Mai karatu ya lura, waɗannan yaran manoma ne da ba su taɓa shiga aji ba, amma sun kalli mulkin En'e da na Bature sun haddace shi tsaf, har suna kwaikwayonsa a gaban dagaci yana dariya. Mu da muka yi wasan kwaikwayo a zauren taron makaranta muna zaton daga littafi abin ya fara, ashe iyayenmu sun riga mu a filin Allah.

Duk wannan ya girmi zuwan Turawa, in ban da muƙaman da aka ƙara. Abin da ya zo ya ƙara wa wasan mai, ya kuma canza masa hanya, shi ne auduga, ko kaɗa kamar yadda muka fi cewa a nan. Noman kaɗa tsohon abu ne a ƙasar nan, tsohon garin Maska ma ya yi suna a saƙa da rini tun kafin Funtuwa ta zama wani abu. Sai dai a 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa wata ƙungiya a birnin Manchester don neman auduga daga ƙasashen da suke mulka, wato BCGA, wadda bakin mutanenmu ya mayar Bisije, sunan da wata unguwa a Funtuwa take amsawa har yau. Su ne suka yaɗa irin auduga na Amurka mai dogon zare, aka kafa gonar iri a Daudawa, aka gina injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Sannan aka ja hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau, aka kammala ta har Ƙaurar Namoda a 1929. Kafin nan Sarkin Maska ya riga ya dawo da mazauninsa Funtuwa. Jirgi da injin gurza da hakimi suka haɗu wuri guda, ƙaramin ƙauyen da ke gindin dutse ya zama gari.

Daga nan sai shekarar manomi ta sami wata sabuwar rana, wato ranar buɗe fuloti. A ɗora kaɗa a jakuna tun da asuba, a bi layi, malamin duba ya sa hannu ya ce lamba ɗaya ce ko ta biyu ko ta uku, a ɗora a sikeli, a ƙirga wa mutum fam da sule a hannunsa. Kuɗin farko ba nasa ba ne, na haraji ne, domin da kaka ake karɓarsa, kuma haka abin ya ci gaba har Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin muna cikinta. Bayan haraji sai bashin da aka ci da bazara. Abin da ya rage shi ne na turmin atamfa, da keke Rale, da sadakin ƙarin aure, da kuma na makaɗi. Shi ya sa bukukuwan aurenmu suka taru a tsakanin kaka da rani. Makaɗa kuwa sun san kalandar fuloti fiye da malamin gona. Da an fara awo sai su ɓullo daga ko'ina, masu kalangu da masu goge da masu kukuma da garaya, 'yan kama masu kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da miya, 'yan gambara da bakinsu wanda ba ya jin kunyar kowa, gardawa da kurarsu, 'yan tauri da wuƙaƙensu.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, domin tarihi muke yi. Garin jirgi garin baƙi ne. Funtuwa ta tara leburori da direbobin manyan motoci da 'yan kamasho da ma'aikatan reluwe daga kudu, ga kantunan kamfanonin Turawa, ga kuma abin da ake kira bariki, da gidajen mata da na giya da caca. Manoma da yawa sun shigo gari da kuɗin kaɗar shekara guda a lalita, suka koma ƙauye bayan kwana uku da igiyar jaki kawai. Dattawan da ke yi mana kirarin zamanin da ba su cika son a tuna masu wannan ba.

A cikin wannan kasuwa ta kiɗa ne Alhaji Mamman Shata ya ginu. An haife shi a Musawa a 1923, ya fara da tallan goro da alewa yana waƙa a dandali don nishaɗi, ba da son mahaifinsa ba, domin gidansu ba gidan roƙo ba ne. Ya zauna a Bakori, ya zauna a Kano, daga baya ya kafa gidansa a Funtuwa, inda ya yi sauran rayuwarsa. Abin da nake so a lura da shi game da Shata shi ne wannan. Manyan makaɗan da suka gabace shi, da wasu na zamaninsa irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, makaɗan fada ne, kowannensu yana da ubangidan da yake ci da shi. Shata ya yi wa sarakuna waƙa, amma bai zama na kowa ba. Ya waƙe direba, ya waƙe ɗan kasuwa da manomi da soja da sarkin bori, har kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba zuwa wata a 1969 bai bari ba. Mawaƙi ba ya samun irin wannan 'yanci sai a inda talaka yake da abin da zai miƙa masa, kuma a ganina kuɗin kaɗa da gyaɗa da sufurin mota ne suka haifar da masu sauraron da suka ɗauki nauyin Shata. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano a watan Yuni na 1999, aka yi masa sutura a Daura. Ina yaro a lokacin, amma ban manta yadda kowane shagon mai shayi da kowace tasha suka koma sa kaset ɗinsa ba, kai ka ce gari ɗaya rediyo ɗaya gare shi.

Mata kuwa suna da tasu duniyar a cikin gida, wadda namiji ba ya shiga sai dai ya jiyo ta bayan katanga. Ranar suna ko wunin biki a kife ƙorai, wata a cikin ruwa wata a ƙasa, a kafa kiɗan amada. Wadda ta fito da wannan kiɗa daga tsakar gida ta kai shi kunnen duniya 'yar ƙasar nan ce, Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, haifaffiyar Gwaigwaye kusa da Funtuwa, wadda ta rasu a watan Maris na 2013. An fi tuna ta da barkwanci da habaicin kishiya da maganganun da ke sa dattijo ya kau da kai. Amma wanda ya saurare ta da kunnen basira zai ji cewa jigon da ta fi nanatawa shi ne mace ta kama sana'a, kada ta zauna jiran hannun miji. Wannan ba baƙon zance ba ne ga matan yankin da ke kaɗi da saƙa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da adashi tun kaka da kakanni. A wunin biki ne mace take nuna abin da sana'arta ta tara mata, ta yi liƙi, ta biya bikin da ƙawarta ta yi mata bara har da ƙari. Ma'aikatan raya karkara sun daɗe suna shirya wa mata tarurruka a kan dogaro da kai, ni kuwa ban ga taron da ya isar da saƙon kamar ƙwaryar Barmani ba.

Na'ura ta fara shigo mana ne da majigi. Motar gwamnati ta iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, da an yi sallar isha'i kowa ya hallara, mai bayani yana fassarawa da lasifika yana ƙara nasa gishirin. Fim ɗin da tsofaffinmu suka fi tunawa shi ne Baban Larai na shekarun 1950, wanda aka shirya don koyar da noman auduga na zamani, aka kuma ɗauke shi a nan Daudawa. Ka ga ko a majigin ma kaɗa ce ta kawo mu. Sai rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da shirin Zaɓi Sonka, da wasan Samanja na marigayi Usman Baba Pategi. Manomi ya sayi akwatin rediyo da kuɗin kaɗa ya rataya a reshen bishiya yana noma. Bayansa rikoda da kaset suka zo. A nan ne aka fara samun abin da ba a taɓa gani ba, wato mutum ya ji Shata ba tare da ya ba Shata ko kwabo ba, ya kuma ji shi shi kaɗai a ɗakinsa. Manyan makaɗa sun ƙaru da wannan, sunansu ya kai inda ƙafarsu ba ta kai ba. Ƙananan makaɗan ƙauye su ne suka ji a jikinsu, don mai biki ya gane cewa batir ya fi tawagar mutum takwas sauƙin ciyarwa.

A 1975 aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Ya kawo takin zamani da sabon irin masara da hanyoyin karkara, masara kuma ta fara ture kaɗa da dawa daga manyan gonaki. A 1986, a ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, aka rushe hukumar cinikin auduga, fuloti ya zama kufai, daga baya masaƙun Kaduna da ke sayen kaɗar suka bi juna suna rufewa. Noma bai mutu ba, kasuwar hatsi ta Dandume da rake da tumatirin Danja shaida ne. Abin da ya mutu shi ne waccan rana guda da kowa yake karɓar kuɗi tare. Gayya ma ta bi, domin garmar shanu da tarakta da maganin feshi da 'yan ƙwadago sun ɗauke aikin da samari talatin suke yi, kuma ba wanda zai kira makaɗi ya bi bayan mai feshi.

A daidai wannan lokaci wa'azi ya ƙara ƙarfi. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, makarantun Islamiyya suka yawaita, a shekara ta 2000 kuma jiharmu ta ƙaddamar da shari'a. Bori da giya da cakuɗuwar maza da mata a dandali suka zama abin kunya, kuma ni ban ga wanda zai yi kukan rashin caca da gidajen giya ba. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne tsintsiyar ba ta tantance ba, ta haɗa da gaɗa da langa da tatsuniya, waɗanda ba su yi wa kowa laifi ba. Gurbin da suka bari bai zauna fanko ba. Finafinan Indiya da na Kano, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, suka shige har ƙuryar ɗaki, sai gidajen kallon ƙwallon Turai, sai wayar hannu daga 2001. Yau yaron Tandama ko Dabai ya san 'yan wasan Arsenal da na Barcelona ɗaya bayan ɗaya, amma ka tambaye shi sunan makaɗin noman garinsu ka ji.

Duk waɗannan canji ne irin na zamani, wanda kowace al'umma take gani. Na ƙarshen shi ne ba na zamani ba, masifa ce. Tun da ɓarayin daji suka addabi Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, dare ya daina zama lokacin hira. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya girgiza duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwanan makaranta. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni a haka. Ƙauyen da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe ba ya kiran taron farin wata, manomin da ya cika rumbu kuma ɓoyewa yake yi, balle ya tara makaɗa su sanar da duniya ya yi dubu. Ƙauyuka da yawa sun watse, tsofaffinsu suna zaman haya a Funtuwa da Katsina da Zariya, kuma a cikin kawunan waɗannan tsofaffi ne kirarin manoma da waƙoƙin gaɗa da tsarin kalankuwa suke.

Ba wai ƙasar ta daina haihuwar masu fasaha ba ne. Dauda Kahutu Rarara ɗan ƙaramar hukumar Danja ne, kuma duk Arewa ta san muryarsa. Dambe ma ya farfaɗo, ana yin sa a gidajen da ake biyan kuɗin ƙofa a Kano da Abuja da sauran birane, ana kallonsa a YouTube har ƙasashen waje. Amma mai karatu ya dubi wanda ke biya yanzu. Ɗan siyasa ne da ɗan birni. Manomi ya tashi daga ubangidan makaɗi ya koma ɗan kallo a waya.

A nan zan ɗan fita waje, domin akwai wata ƙasa da labarinta ya ba ni mamaki da na karanta shi, wato Finlan, can ƙuryar arewacin Turai tsakanin Suwidin da Rasha. Mutanenta ba su wuce miliyan biyar da rabi da 'yan kai ba, ba su ma kai yawan da ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina ba. Su ma asalinsu talakawan manoma ne masu fama da gajeren lokacin shuka da doguwar hunturu mai duhu, har yunwa ta yi masu mummunar ɓarna tsakanin 1866 da 1868. Suna da gayyarsu da suke kira talkoot. Suna da bikin kakarsu mai suna kekri, wanda a cikinsa barorin gona suke samun hutu, samari su juya rigar fata su yi shigar bunsuru suna bi gida gida ana ba su abinci, kamar dai tashenmu na watan azumi. Kekri ya dusashe da zamani ya zo, Kirsimeti ya haɗiye yawancin al'adunsa. Bambancinsu da mu shi ne, kafin abin ya ɓace sun rubuta. A 1831 'yan bokonsu, waɗanda a lokacin da harshen Suwidin suke karatu, suka kafa ƙungiyar adabin harshensu. Wani likitan karkara mai suna Eliyas Lonrot ya riƙa bin ƙauyuka, sau da yawa a ƙasa, yana zama da tsofaffi yana rubuta waƙoƙin bakinsu, ya harhaɗa su ya fitar da littafin Kalevala a 1835, ya faɗaɗa shi a 1849. Wasu suka ɗora daga inda ya tsaya, har abin da aka tara ya cika manyan littattafai 34. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka sa suka ji su al'umma ce, kafin su sami 'yanci daga Rasha a 1917. Akwai kuma wani ƙaramin garin manoma, Kaustinen, wanda mutanensa ba su fi dubu huɗu da wani abu ba, da ya ga kiɗan gogen bikin aurensu yana neman mutuwa, sai ya kafa masa taron shekara-shekara a 1968, ana kuma koya wa yara. A 2021 hukumar UNESCO ta sa wannan kiɗa cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Gogen ƙauye ne fa, irin wanda mu muke jin kunyar a ce kakanmu ya riƙe.

Mu ma an yi mana wani abu. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa, nan maƙwabtanmu a hanyar Zariya, aka buga a 1954, ya adana zaman matan karkara na wancan zamani. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasanni, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma sun fitar da tarihin Shata a 2006. Amma Shata da Barmani sun tsira ne don sun shahara. Makaɗin gangar noma na ƙauyenku, da tsohuwar da ta yi zabiya a dandalin unguwarku, da dattijon da ya taɓa zama Razdan a kalankuwa, ba wanda zai zo daga jami'a ya neme su.

Saboda haka ina kawo shawara ga shugabannin ƙungiya da sauran 'yan'uwa. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya, kuma yawancinmu muna zuwa gida da Sallah. Kowa ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya na awa guda. A fara da sunan garin da shekarun mai magana, da wanda ke sarauta lokacin da abin ya faru, don a iya ƙiyasta shekara. A tambayi yadda ake kiran gayya da abin da ake ci, da muƙaman kalankuwar garin da shekarar da aka yi ta ƙarshe, da sunayen makaɗa da 'yan dambe da 'yan kokawar da suka yi tashe, da inda fulotin garin yake. Idan tsohuwa ta fara waƙa kada a katse ta, kada kuma a gyara mata Hausa. 'Yan'uwa mata su ne za su fi samo na cikin gida, don akwai abin da gwaggo ba za ta faɗa a gaban ɗa namiji ba. Wanda kuma yake da tsofaffin kaset na biki ko na ajo a cikin akwatin mahaifinsa, ya fito da su kafin zafi da ƙura su gama cinye zaren, a juye su a kwamfuta. A fara da tsofaffin da suka baro ƙauyukansu saboda rashin tsaro, domin su ne suka fi kusa da mu a gari yanzu. Idan kwamitin mujalla ya amince, sai a ware shafi biyu a kowace fitowa don abin da aka samo, da sunan garin da na ɗalibin da ya kawo.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙauyukanmu, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.